An Bar Taiki Ana Dukan Jaki: Tarihin Nauyin Kwamfutar Gida a Birnin Kebbi

A gidajen ma'aikata da malaman makaranta na unguwar Gesse a Birnin Kebbi, da makamantansu a Argungu, akwai ƙorafin da ya zama ruwan dare: kwamfuta ta yi nauyi. A kunna ta, sai a dafa shayi a sha ba ta gama buɗewa ba. A taɓa takarda, ta tsaya tana tunani. Magani biyu aka sani. Ko dai a kai ta shagon mai gyara ya yi mata fomat, wato ya shafe duk abin da ke cikinta ya zuba mata sabon Windows, ko kuma a yanke hukuncin ta tsufa, a fara tara kuɗin wata. Na farko ya sha cinye kundin binciken ɗalibi da lissafin shekaru na ɗan kasuwa. Na biyu kuwa, a farashin yau, yana iya lashe albashin watanni.

Hausawa kan ce an bar jaki ana dukan taiki. A sha'anin kwamfuta abin ya juya, jakin ake duka alhali laifin na kayan da aka ɗora masa ne. Furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi a cikin na'urar, ba ta gajiya irin ta dabba. Wadda aka ƙera a 2012 tana iya yin lissafin da ta yi a ranar farko, muddin ba ta yi zafi ba. Abin da ya sauya shi ne kayan da ake ɗora mata, da hanyar da ta biyo kafin ta iso, da yanayin da aka ajiye ta a ciki. Kowane ɗaya yana da tarihinsa, kuma wanda ya san tarihin ya san inda zai fara dubawa.

Yadda kaya suka yi ta ƙaruwa

A 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, ya lura cewa yawan tiranzistocin da ake iya dasawa a kan guntun silikon ɗaya yana ninkawa duk shekara. A 1975 ya gyara hasashen zuwa duk shekara biyu. Hasashen ya tabbata tsawon shekaru masu yawa, ya kuma haifar da wata ɗabi'a a wajen masu rubuta manhaja. Tunda na'urar baɗi za ta fi ta bana ƙarfi, babu dalilin ɓata lokaci wajen rage wa manhaja nauyi. Kasuwa ta fi saka wa wanda ya riga fitar da sabon abu.

Adadin ram da kowane Windows yake buƙata ya isa shaida. Ram ita ce ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi a kai, kamar teburin magatakarda. Kwamfutar IBM ta 1981 an sayar da mafi ƙanƙantarta da kilobait 16. Windows 95 ya nemi megabait 4. Windows XP na 2001 ya nemi 64. Windows 7 na 2009 ya nemi gigabait 1, Windows 11 na 2021 kuma gigabait 4. Tsakanin 1995 da 2021 buƙatar ta ninka sau dubu, alhali wasiƙar da ma'aikaci ke bugawa ba ta ƙara tsawo ba. Tun a 1995 masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwizalan Niklaus Wirth ya rubuta maƙala yana kira da a rage wa manhaja ƙiba, inda ya nuna cewa saurin da manhaja ke yi wajen yin nauyi ya fi saurin da na'ura ke yi wajen ƙara ƙarfi. Har yau ana danganta wannan magana da sunansa.

Intanet ta ƙara wa Borno dawaki. Wajajen 2010 matsakaicin shafin intanet bai wuce rabin megabait ba sosai. Yau ya haura megabait 2, kuma kaso mai yawa na nauyin umarni ne da kwamfutar mai karatu za ta aiwatar da kanta: talla, bidiyo mai kunna kansa, da manhajojin bibiyar mai ziyara. Burauzar Chrome, wadda ta fito a 2008, tana ware wa shafuka wurare daban-daban a cikin ram domin kada faɗuwar ɗaya ta ja sauran. Dabarar tana da amfani, amma tana cin wuri. Shafi goma sha biyar a buɗe sun isa su cika teburin kwamfuta mai gigabait 4.

Idan teburin ya cika, Windows yakan kwashe wani ɓangare na aikin ya ajiye a faifan ajiya, ya riƙa ɗaukowa yana mayarwa. A nan wani tsohon tarihi ke shigowa. Faifan ajiya mai juyawa IBM ce ta fara fitar da shi a 1956, da faranti 50 da ke ɗaukar abin da bai wuce megabait 5 ba. Girmansa ya ragu, cikinsa ya faɗaɗa, amma tsarin bai sauya ba: faranti yana juyawa, allura tana yawo a kansa tana neman bayani. Faifan mafi yawan tsofaffin laftof yana juyawa sau 5,400 a minti, kuma bai cika wuce nema ɗari a daƙiƙa ba idan bayanan a warwatse suke. Ma'adanar SSD, wadda ba ta da abin da ke motsi, tana yin dubun dubata a daƙiƙa guda. Windows 10 da manhajojin zamaninsa an gina su ne a lokacin da SSD ke zama gama-gari a ƙasashen da ake rubuta su. Kwamfutar da ke ɗauke da su a kan faifai mai juyawa tana tafiya ne da ƙafar 1956.

Hanyar da ta biyo kafin ta iso Gesse

Kwamfuta ta shigo Nijeriya a matsayin kayan hukuma da jami'a. A 1963 IBM ta buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. A Arewa, cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ke ɗauke da sunan masanin lissafi Farfesa Iya Abubakar, tana cikin wuraren da aka fara horar da ma'aikatan fannin. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, keken rubutu ne ke mulki a ofisoshi. Kwamfuta ta fara bayyana ga talaka ne a shagunan buga takardu, sannan a shagunan intanet bayan shekarar 2000.

Abubuwa uku suka shigar da ita gida. Na farko wayar salula, wadda ta fara aiki a watan Agusta 2001, ta kuma kawo ƙaramin modem da ake soka wa laftof a samu intanet ba tare da layin NITEL ba. Na biyu yawaitar manyan makarantu: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, sai aka ƙara jami'ar jiha a Aliero a 2006 da jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, kowane ɗalibi da kundin da zai buga. Na uku hukumar JAMB, wadda ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015. Daga nan uban da bai taɓa tunanin sayen kwamfuta ba ya ga cewa rashin sanin linzami da madannai yana iya hana ɗansa shiga jami'a.

Sai dai sabuwa fil ba kowa ke iya sayenta ba. An yi ƙoƙarin haɗawa a gida, kamar kamfanin Zinox da ya fara a 2001, da shirin gwamnatin tarayya na 2006 na sayar wa ma'aikata kwamfuta bashi, amma kasuwa ta riga ta zaɓi hanyarta. Kamfanoni da ofisoshin Turai da Amurka kan sauya kwamfutocinsu duk shekara uku zuwa biyar. Dillalai su saye, su cika kwantena, a sauke a tashar Legas, a baje a kasuwar Otigba da ke Ikeja, daga can ta hau mota zuwa Kano da Sakkwato da Birnin Kebbi. Wannan ita ce kwamfutar da ake kira 'yar Beljiyam ko ta hannu.

A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas duk wata, kuma masu sana'ar sun shaida mata cewa har kashi 75 cikin ɗari na iya zama shara. Wani binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga, wanda aka fitar a 2018, ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa ƙasar a shekara a tsakanin 2015 da 2016, mafi yawansu daga tashoshin Tarayyar Turai, kuma kusan kashi ɗaya bisa huɗu ba sa aiki.

Wannan ciniki ya yi rana, domin shi ya sa kwamfuta ta shiga gidan malamin firamare. Laftof ɗin ofis na HP da Dell da Lenovo sun ma fi sababbi masu araha ƙarko. Amma yana nufin ranar da iyali a Gesse suka ce sun sayi kwamfuta, ita tana da shekara biyar ko bakwai a duniya. Faifanta ya yi dubban sa'o'i yana juyawa a ofishin wani, batirinta ya sha caji, ram ɗinta an auna ta ne da manhajar zamaninta. Mai shago kuma zai zuba mata Windows mafi sabo, domin shi mai saye ke tambaya. An haɗa jakin jiya da kayan yau tun kafin a bar kasuwa.

Zafi, ƙura da wuta

Mafi yawan masu ƙera laftof sun rubuta a takardunsu cewa an tsara na'urar ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A kwarin Rima, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40. Furosesa tana da dabarar kare kanta: idan zafinta ya doshi digiri 90 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mai ita ba ya ganin wani gargaɗi. Abin da yake gani shi ne kwamfutar da ta yi lafiya da asuba ta koma rarrafe bayan azahar.

Hunturu ke shirya wa bazara wannan tarko. Iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu tana ɗauko ƙura mai laushi daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Fankar kwamfuta tana zuƙar wannan iska duk lokacin da take kunne. Ƙurar ta taru a haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi har ta zama kamar auduga. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kuma yana bushewa da shekaru. Idan aka ƙara da ɗora laftof a kan katifa ko dardumar da ke toshe ƙofofin iska, an gama haɗa komai.

Wutar lantarki ma tana da nata rabon. Birnin Kebbi na kan babban layin da ya taso daga madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, kuma daga tasharta wani layin ya wuce zuwa Yamai. Duk da haka, daga zamanin NEPA zuwa PHCN zuwa kamfanin rarraba wuta na Kaduna da ya gaji yankin bayan sayar da kamfanonin gwamnati, ɗaukewar wuta ba ta bar gidaje ba. Kwamfutar tebur da wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar rubutu a faifai tana iya tashi da fayilolin da suka lalace, kuma maimaituwar haka na sa Windows ya riƙa tuntuɓe. Laftof kuwa idan tana kan batir takan rage gudu don tsimin caji. Akwai ma samfuran da ke ƙin sakin cikakken ƙarfinsu idan ba su gane cajar da aka soka musu ba, abin da ke faruwa da yawa da cajar kasuwa mai araha. Araha ba ta ado.

Zamanin filas da gadon fomat

Saura tambaya ɗaya: me ya sa fomat ya zama maganin kowace cuta a shagunan gyara? Amsar tana cikin shekarun 2005 zuwa 2015.

Cutar kwamfuta ta girmi wannan zamani. Bairos na farko da ya yaɗu a kwamfutocin IBM, mai suna Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, yana bin faifan fulofi daga hannu zuwa hannu. Amma filas ce ta ba cutar ƙafa a Arewa. Windows XP yana da ɗabi'ar aiwatar da umarnin da ya tarar a kan filas, kuma masu rubuta bairos suka mayar da wannan ƙofa tasu. Tsutsar Conficker ta 2008, wadda ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya, tana cikin masu bin wannan hanya. A garin da mutane kaɗan ke da firinta, filas ɗaya takan zaga daga gida zuwa shagon buga takardu zuwa ofis zuwa shagon tura waƙoƙi a rana guda, tana kwasa tana rabawa. Microsoft ta toshe ƙofar a Windows 7, ta kuma aika gyara ga XP a 2011, amma kwamfutar da ba ta hawa intanet ba ta samu ba. Bayan nan aka shiga yayin bairos mai ɓoye fayiloli ya bar inuwarsu, wanda duk ɗalibin wancan lokaci ya sani.

Ga kuma matsalar manhajar sata. Ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na manhajojin da ke kan kwamfutocin Nijeriya a 2017 ba su da lasisi. Windows na faifan kasuwa sau da yawa an kashe masa sabuntawa don kada a gane shi, wani lokacin ma da cutar a cikinsa yake zuwa. A irin wannan hali, fomat hukunci ne mai hankali. Tsefe cutar ɗaya bayan ɗaya yana cin yini, shafewa gaba ɗaya sa'a biyu ne, kuma kwamfutar takan dawo garau. Yaran da suka koyi sana'a a lokacin sun ga maganin yana ci, suka koya wa nasu yaran.

Cutar ta sauya, maganin bai sauya ba. Tun daga Windows 8 na 2012 akwai rigakafin bairos a cikin Windows kansa, kuma tura takarda ta WhatsApp da imel ya rage yawon filas. Fomat ba ya share ƙura daga fanka, ba ya ƙara ram, ba ya mayar da faifai mai juyawa SSD. Abin da yake yi shi ne kawar da manhajojin da suka taru, sai kwamfutar ta ɗan sarara na mako biyu ko uku. Da an mayar da Chrome da Office, sabuntawa ta sauko, sai nauyin ya dawo. Wani gadon zamanin shi ne zuba rigakafin bairos biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, kowanne yana binciken kowane fayil, har yana binciken ɗan'uwansa. Masu gadi sun cika zaure, mai gida ya rasa hanyar wucewa.

Inda ya kamata a fara dubawa

Tarihin nan yana ba da tsarin bincike, kuma mafi yawansa ba ya cin ko kwabo. Matakin farko shi ne lura da lokaci. Nauyin da ke zuwa da rana, ko bayan rabin sa'a da kunnawa, tare da kukan fanka da zafin gindin na'ura, alamar ƙura ce, kuma aikin mai gyara a nan shi ne buɗewa, hurewa da sauya man furosesa. Nauyin da ke zuwa idan an cire caja, ko bayan an sauya ta, batun wuta ne.

Mataki na biyu shi ne tambayar kwamfutar da kanta. Danna Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe Task Manager, inda ake ganin kason furosesa da ram da faifai da ke cikin aiki. Idan faifai ya tsaya a kashi 100 alhali ba a yin komai, kuma mai juyawa ne, sauya shi da SSD shi ne gyaran da ya fi kowanne tasiri, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na wata kwamfutar ba. Idan ram ce ke cika, a rage shafukan da ke buɗe, a ƙara ta zuwa gigabait 8 in na'urar na karɓa. A wuri guda ake ganin jerin manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna, a kashe waɗanda ba a buƙata. Faifan da ke ƙara kamar ana ƙwanƙwasa shi kuwa yana ban kwana ne, abin gaggawa shi ne kwashe abin da ke cikinsa.

Fomat yana da muhallinsa, idan an tabbatar da cuta ko Windows ya lalace. Amma shi ne na ƙarshe a jeri, kuma ba a yin sa sai an kwafe fayiloli zuwa wani wuri an buɗe su an ga suna nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zagaye na gaba

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari, kamar yadda ta yi wa XP a Afrilu 2014 da Windows 7 a Janairu 2020. Wannan karon akwai bambanci. Windows 11 yana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, wato ta wajajen 2017, ko takwararta ta AMD. Kamfanin nazarin kasuwa Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya fita daga amfani saboda wannan sharaɗi. Wanda ya bi tarihin Otigba ya san inda kaso daga cikinsu zai nufa.

Za su iso da kyan gani da farashi mai daɗi, da yawansu lafiyayyu. Wasu za a tilasta musu Windows 11 ta bayan gida, wasu a bar su da Windows 10 da ƙofofinsa za su riƙa buɗewa ba mai toshewa. Harin WannaCry na Mayu 2017, wanda ya shafi ƙasashe kusan 150, ya nuna abin da ke samun kwamfutar da ba a sabunta ba. Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata a shaguna ba, wato tsarin Linux irin su Ubuntu da Mint, wanda kyauta ne, kuma wasu nau'o'insa an yi su ne musamman don tsofaffin na'urori.

Saboda haka mai sayen ta hannu a Birnin Kebbi ko Argungu yana da tambayoyi huɗu da zai yi kafin ya ƙirga kuɗi: ƙarni na nawa ce furosesar, SSD ce a ciki ko faifai mai juyawa, ram nawa ce kuma ana iya ƙarawa, sannan cajar tata ce ta asali ko ta kasuwa. Amsoshin su za su nuna ko na'urar za ta kai yaron gida ƙarshen karatunsa, ko kuwa za ta koma shagon gyara kafin bazara ta biyu.